Ajiyar Mai Hular Kwano

Tamu ya gyara zama a kan tabarmarsa, jikin tayar motar, yana leƙen fuskar duk wanda ya shigo. Yau ake rufe nunin tsofaffin motocin tsere a Jega, idonsa kuwa har ya gaji da duban mutane.

Motar ba tasa ba ce, nan gizo ke saƙar. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan, zamanin da 'yan tsere ke ratsa karkara, ta zo shan kwana ta wuntsila cikin gonarsa ta albasa a Kashin Zama, kusa da Aliero. Aka zaro mutum biyu. Ɗaya ya riga ya cika. Direban kuwa, da hular kwano a ka, jini da ƙasa sun rufe sauran fuskar, ana ɗora shi a akori-kura ya damƙi hannun Tamu ya ce, "Ajiya ce, zan dawo." Tun daga nan shiru kake ji.

Tamu ya sa shanu suka ja ta zuwa bayan shingensa, ya yi mata rumfar kara. 'Yan gwangwan sun taya har sun gaji. 'Ya'yansa sun yi mita, wai ta cinye wurin rudun ajiyar albasa, ya yi kunnen uwar shegu da su. Kowace damina sai ya sake rumfa, ya kori kaji, ya share gidan tururuwa. Da yana da ƙarfi abin bai dame shi ba. Yanzu da tsufa ya zauna masa a gwiwa, tsoro ɗaya ke hana shi barci: kada ya mutu da kayan wani a wuyansa.

Shi ya sa da masu nunin suka zo aro, bai ja da su ba. Sharaɗinsa guda, ƙafarsa ƙafar motar. Wa ya sani, ko mai ita ya gani, ko magadansa su ji labari.

Kullum Hamma ke rako shi. Dillalin albasa ne a Aliero, ɗorin ƙafa ya kawo shi garin tun yana saurayi, ya warke da ɗingishi, ya yi zamansa. Har yau harshensa bai gama komawa na nan ba, Tamu kuwa ba ya gajiya da tsokanarsa a kan haka. Sun ci tuwo a zaure ɗaya ba adadi, amma Hamma bai taɓa zagayawa bayan shinge ba, ya ce shi da tsohon ƙarfe ba sa ga-maciji. Ko a nan Jega ma, gindin dogon yaro yake zama a waje har a tashi.

Masu kallo sun zo sun wuce. Ɗalibai sun ɗauki hoto, wani Alhaji ya tambayi ko ta sayarwa ce. Bushra, yarinyar da ke yi wa baƙi bayani, ta sake maimaita abin da Tamu ya haddace don dole: wanda ya rasu ƙanen direban ne, shi ke karanta masa hanya, direban kuma ko gida bai koma ba, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Bayan la'asar aka fara naɗe tutoci. Bushra ta durƙusa ta ce, "Baba, sai haƙuri, za mu rufe."

Tamu ya yunƙura, gwiwa ta ƙi. Ganin ya daɗe bai fito ba, Hamma ya shigo yana jan ƙafa, kansa a sunkuye.

"Hamma, na gaji," in ji Tamu, hawaye na bin gemunsa. "Ba wanda ya taho. In anka tambaye ni amanar ga gobe ƙiyama, mi zan ce?"

Hamma ya zagaya ɓangaren mai zaman banza, inda rufin ya lotsa har kan kujera, ya dafa ƙofar ya daɗe a tsaye. Sannan ya miƙo hannu.

"Kawo makullin motar, Tamu. Sau nawa nake zuwa ƙofarka in karɓa, in na tuna ƙanena sai in kasa. Ajiyata ce."