Dodon Asabe Ya Ƙoshi

Tun da aka fara kiwon dodanni a wasan waya, kowa ya zama masani. Wasu sun ce hasken rana suke ci, wasu sun ce barcin masu su.

Uwani ta kai wayar 'yarta Asabe wurin Tanimu mai gyara.

"Malam, yarinyar ta daina magana, dodonta kuwa sai ƙiba yake."

"Wallahi Hajiya, mu ma hasashe muke. An ce in aka goge shi, yakan tafi da abin da ya ci."

Dodon ya ɗago kai, ya ce da muryar Asabe, "Umma, mu je gida."

Uwani ta naɗe wayar a mayafinta. "To, mu je."