Igiyar da Aka Yanko Bayan Lokacinta

Olul yana gonarsa, nan tsibirinmu na Pentikos, sai ga ɗan baffansa Sali daga birni, tabarau a goshi. Sana'ar Sali kai baƙi hawan dutse da ninkaya. Yanzu kuma ya yi musu alkawarin kallon dirowarmu, wadda namiji ke ɗaura igiyar kurmi a idon sawu, ya faɗo daga hasumiyar itace har gashinsa ya shafi ƙasa.

"Jirgin ruwa zai tsaya ran Asabar," in ji Sali. "Baƙi fal. Kai za ka diro."

Kawu Wabak, tsohon da ke zaɓar mana igiya, yana zaune a gefe. Ya yi tsaki.

"A watan tara? Lokacin sabuwar doya ake dirowa, sa'ad da igiya ke da ruwa a jikinta. Yanzu ta bushe. Ba ta miƙewa, tsinkewa take."

Sali ya ce, "Tsoho, igiya kalanda take dubawa? Je ka sha kava ka bugu, ka bar mu mu ci abinci."

"Kai da ko bishiyar kwakwa ba ka iya hawa! Hau ka diro mana, ɗan birni."

Sali ya juya wajen Olul. "Ko kai ma tsoro ne? Faɗa mini, in gaya wa baƙi maza sun ƙare a ƙauyen nan."

Maganar ta soki Olul. "Kawu, ƙyale shi. Sau nawa na diro?"

Wabak ya ƙi shiga kurmi. Sali ne ya yanko igiyar da hannunsa.

Ran Asabar mata na waƙa, maza na buga ƙafa. Olul ya hau can ƙoli, ya buɗe hannuwa, ya saki jiki. Igiyar ta ce ƙas, ta tsinke, ya bugu da ƙasa. Baƙi suka yi ta tafi, a zatonsu haka wasan yake.

"A ɗauke shi daga nan!" Sali ya daka tsawa. "Kar a ɓata wa mutane rai!"

Kafin rana ta karkata ya kwashe baƙinsa zuwa ninkaya.

Olul bai sake takawa ba. Yana kwance kan tabarma yana kallon rufin ɗaki, matarsa Marita ce ke tada kunyar doya ita kaɗai. Sali bai ko leƙo ba.

'Yan'uwa, al'adar da aka sa wa lokaci, da dalili aka sa. Kada kwaɗayin wani ko gorinsa ya sa ka jefa jikinka inda masani ya ce kar ka je.