Yatsu Ukun Atiku Kafinta

Shekara biyu bayan samun mulkin kai, babu kafintan da ake kira a Tambuwal kamar Atiku. Ƙofa ko akwatin aure, in ya fito daga hannunsa, ba a ƙara taɓa shi. Yana aiki ne a rumfar Alhaji Ɗanmaliki, wanda ya sami kwangilar yi wa wata sabuwar firamare a Kebbe bencina da tebura da allunan bango.

Saboda yawan aikin, Alhaji ya sayo injin zarto daga Sakkwato. Tebur ne na ƙarfe, faifan zarto mai haƙora ya leƙo ta tsakiyarsa, inji mai shan man dizal yana juya shi. Abin da mutum biyu ke wuni suna yankawa, shi kafin a gama gaisawa ya raba. Cikin mako guda Atiku ya gane kan injin, har mutane kan tsaya kallonsa.

Akwai wani dattijon kafinta a rumfar, Malam Na'iya, wanda ya yi shekaru yana aiki da irin wannan inji a Kaduna. Shi ya lura cewa mafi haɗari shi ne yankan siraran katakon da ake zagaye allo da su, waɗanda faɗinsu bai wuce ɗan yatsa ba, domin dole hannu ya matso dab da zarto.

Sai ya ɗauki guntun icen maɗaci ya sassaƙa wani abu. Ya yi masa mariƙi a sama, ya bar masa 'yar dunduniya a baya wadda ke kama ƙarshen katako ta tura shi gaba. Ya kuma ɗaure wani guntun a gefen tebur, yadda kowane siriri zai fito daidai da ɗan'uwansa ya faɗi can waje, ba sai an sa hannu an ɗauke ba. Ya kira abin hannun katako, ya ce in zarto zai ci, shi zai ci.

Atiku ya gwada sau biyu ya ajiye. Ya ce abin yana rage masa sauri, kuma wannan na masu koyo ne. Malam Na'iya ya yi masa magana a gaban Alhaji, ya sake yi masa su biyu kaɗai.

“Atiku, injin ga bai san gwani ba. Na ga waɗanda sunka fi ka hannu, yau da hagu suka gaisawa.”

“Baba, shekara ashirin nika riƙon zarto,” in ji Atiku, “ko ƙwarzane bai taɓa yi mini ba.”

Alhaji ya ji duk wannan, amma da yake aiki na gudu, bai tsawatar ba.

Ranar da motar Kebbe za ta zo kwasar kaya, saura siraran katako kamar arba'in. Da hantsi direba ya iso, ya ce shi ba zai kai azahar ba, don hadari na haɗowa kuma hanyar ba ta da kyau in ta jiƙe. Atiku ya kwance guntun da ke ɗaure a tebur, ya ture hannun katako gefe, ya shiga turawa da yatsunsa. Malam Na'iya na waje yana ƙirga bencina.

Ya yanka goma sha ɗaya lafiya. A na sha biyu akwai wani wuri mai tauri, inda reshe ya taɓa fitowa. Zarto ya cije a nan, ya fizgi katakon, hannun dama na Atiku ya bi shi. Bai ma ji zafi ba da farko. Sai da ya ga jini a kan garin katako, ya duba, ya ga babban yatsa da biyun da ke biye da shi babu su.

Malam Na'iya ya kashe inji, ya ciro rawaninsa ya ɗaure hannun. Aka sauke bencinan da aka riga aka loda, motar da za ta Kebbe ta juya ta nufi asibiti a Sakkwato. Atiku ya yi kwana ashirin da uku a can. Sauran katakon kuwa Malam Na'iya ya yanke su washegari da hannun katako, bai kai sa'a guda ba.

Da ya dawo gida, Atiku ya gwada riƙe guduma, ta suɓuce. Ya gwada hauya a gonarsa ta gero, ita ma haka, dole ƙannensa suka yi masa noman shekarar. Alhaji ya bar shi a rumfa yana auna katako yana sa alama, wasu na yankawa.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne abinci. Da can shi ke fara fito da akushinsa ƙofar gida a ci tare da maƙwabta. Yanzu yatsu biyu ba sa yanka loma, shi kuma ba ya son a gan shi yana ci da hagu. Matarsa Fatsuma takan yayyanka masa tuwon ƙanana, ta kai masa ɗaki, ta sakaya ƙofa.

Wata rana ta ce masa maƙwabta na tambayarsa. Ya ce, “Ki ce musu na riga na ci.”

Mai karatu, in kana aiki da inji, kada ka bari yatsanka ya je inda guntun katako zai iya zuwa. Ƙwarewa ba ta hana haɗari, kuma ɗan lokacin da kake ganin abin kariya ya ci maka, bai kai darajar yatsa ɗaya ba.