Farantin Ruwa a Kan Teburin Baba

Da fargaba na dawo gidanmu na Narayi ran nan, don na sake faɗuwa jarabawa. Na tarar da Baba yana gyaran tsohon teburin wasan sinuka da ya samo, ƙwallayen sai gangarawa suke gefe guda. Ya duba sakamakona, ya ajiye, ya ɗora farantin ruwa a tsakiyar teburin.

"Ladi, idonki ya fi nawa. Wane gefe ruwan ya karkata?"

"Wajen taga, Baba."

Ya dinga cusa guntayen taya ƙarƙashin ƙafar teburin ta wajen, har na ce ruwan ya daidaita. Ya aza ƙwallo, ta tsaya cak.

Yanzu sakamakon 'yata ke faɗar min da gaba. Don Allah, in yaronku ya faɗi, ku fara ba shi aikin da zai iya.