Injiniyan Bonapriso

Karo na biyar ke nan kwamfutar Sirajuddeen tana mutuwa. Ya saka mata manhajar da ke raba aiki ga ƙwaƙwalenta takwas, amma da zarar takwas ɗin sun kama aiki tare, sai ta ɗau zafi ta ɗauke wuta.

"Maigida, anya ba numfashi take nema ba?" in ji matarsa Naja'atu daga bakin ƙofa.

Ya ja tsaki. "Numfashi! Akuya ce? Wannan ba suyar ƙosai ba ce, Madam. Koma kicin."

Ta juya ta koma kicin.

Shi da ya shekara biyu yana karatun kwamfuta, mai ƙosan unguwarsu ta New Bell ce za ta koya masa? Ya buɗe zauren masana na intanet, ya rubuta wa "Injiniyan Bonapriso", mai laƙabin unguwar attajirai, gwanin da bai taɓa gani ba, amma ya fid da shi kunya sau uku a watan nan. Ya zuba Faransanci iya ƙarfinsa, ya rufe da "Grand Patron, babban ubangida, ka cece ni."

Nan take amsa ta shigo, da Hausa tsantsa:

"Manhajarka lafiya lau take. Tun ranar da ruwan sama ya shigo ɗaki kake ninke sallayarka kana ɗorawa a kan kwamfutar, ta toshe kafofin iska. Ɗauke ta. In ka gama, ka zo kicin ka ci ƙosanka kafin ya huce."