Sunan Gidan Masu Awara

Chizuru tana tsamo awara daga ruwan sanyi lokacin da Tetsuro ya ɗaga labulen shagon, ya ajiye sabon faifansa a gabanta.

"Duk waƙoƙin ciki naki ne," in ji shi. "Har da ta tsagaggun hannuwanki."

"Na ji ta a rediyo, sarkin mawaƙa. Yanzu duk garin Morioka hannuna ake kallo." Ba ta ɗago ba. Waƙa dai ba ta taɓa niƙa mata wake ba. "Baba ya amince da aurenmu. Amma ka san ba shi da ɗa namiji. Mai aurena sai ya ajiye sunan gidansu, ya ɗauki namu, Onodera, ya gaji shagon."

Tetsuro ya ƙura wa faifan ido, inda sunan gidan marigayi mahaifinsa yake da manyan baƙaƙe.

"Chizu, ni kaɗai na rage wa Mama. In na ajiye sunanmu, wa zai kula da kabarin gidanmu?"

Ta gane amsarsa ke nan.

Sai ta zaɓi awara mai laushi, irin wadda tsohuwarsa take so, ta naɗe, ta miƙa masa da hannu biyu kamar kowane mai saye.

"Ka gaishe ta."