Sabuwar Lamba a Damtsen Wahabu

Wahabu Mahamadu Salaga ya san Barkisu a Zangon Kumasi a 1922. Ran da ya nemi aurenta, yana jiran amsar wata ƙungiyar Ingila da ya roƙa ta ɗauki nauyin bincikensa a can kan tsutsar goro.

"Ba su amsa ba, Barkisu. Wataƙila ba inda za ni."

Ta daɗe tana duban damtsensa. "Wannan sabuwar lambar rigakafin fa, Malam? Ai ta masu shiga jirgin ruwa ce. Mata kake nema, ko mai jinyar tsohuwarka in ka tafi?"

Ya saki hannun riga. Girman kai ya hana shi cewa ɗoki ne kawai ya sa ya yi lambar tun kafin amsa ta zo.

Rabonsu da ganin juna ke nan, ran 3 ga Maris, 1924.